Ƙwayar Labari da Aikin Mawallafi: Nazari a kan Magana Jari Ce da Littattafan Gasar 1933

I

Akwai wata magana da kowane malamin Hausa ya saba ji daga bakin ɗalibansa, tun ba a kwalejojin horon malamai ba, watau ɗalibi ya zo ya ce yana da wani labari a ka, wanda in da zai rubuta shi da ya yi littafi mai kyau. In malami ya ce masa ya faɗi labarin, wani ya kan faɗa cikin jimla biyu ko uku, wani kuwa ya kan noƙe don tsoron kada a ji a riga shi rubutawa. A shekara, a sake shekara, ɗalibin ya gama karatu ya kama aiki, littafi bai fito ba.

Wannan ɗan abin da ɗalibi ya ke riƙe da shi a ka, shi na ke kira ƙwayar labari a cikin wannan takarda, watau tunani na farko wanda labari ya ke tsirowa daga gare shi, kamar a ce saurayi ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ko a ce uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare Sahara. Abin da na ke so mu bincika shi ne darajar wannan ƙwaya: kashi nawa na kyan littafi ya ke fitowa daga gare ta, kashi nawa kuma daga aikin da aka yi mata. Amsar da muka bayar za ta shafi abu biyu da ke hannunmu kullum. Na farko, yadda mu ke auna Alhaji Abubakar Imam, wanda an sha zarginsa da ɗibar labarun wasu al'ummai. Na biyu, yadda mu ke ba da maki ga insha'in ɗalibai, da irin shawarar da mu ke ba wanda ya nuna sha'awar talifi. Ra'ayina shi ne ƙwayar labari tana da daraja, amma ba a iya sanin darajar nan sai bayan an yi mata aiki, kuma mafi yawan abin da mu ke yabawa a cikin littafi daga aikin ya ke fitowa.

II

A cikin 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, wadda daga baya aka mai da Hukumar Talifi, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka buga a sakamakon wannan gasa, tsakanin 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

East ya bayyana wahalar da ya sha a cikin wata maƙala da ya buga a mujallar Africa cikin 1936. Wahalar ba ta rashin labari ba ce, gama ƙasar cike ta ke da tatsuniyoyi da hikayoyi da labarun yaƙi. Abin da ya gagara shi ne a shawo kan malami ya zauna ya rubuta labarin da kowa ya san ƙage ne, domin a wurin malaman lokacin alƙalami na ilimin addini ne da waƙa da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara da dare. Saboda haka ba shakka akwai mutane da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato waɗanda suka fi waɗannan biyar yawan labaru a ka. Abin da ya raba biyar ɗin da saura shi ne sun ɗauki alƙalami sun kai ƙarshen takarda. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, Ɓalewa kuwa yana da 21, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Ba su jira sun tsufa ba, ba su kuma jira wani tunani da ba a taɓa yi ba.

III

Mu fara da Ruwan Bagaja. In aka tsame ƙwayarsa aka ajiye ita kaɗai, ba ta wuce wannan ba: ɗan sarki ba shi da lafiya, an ce wani ruwa mai wuyar samu ne maganinsa, wani saurayi ya fita nema, ya sha wuya, ya samo. Wannan ƙwaya tsohuwa ce ƙwarai. Akwai irinta a cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na ƙasar Jamus, watau Grimm, suka fara bugawa a 1812, inda 'ya'yan sarki uku suka fita neman ruwan rai don mahaifinsu. Da a ce ƙwayar ce kaɗai darajar littafin, da ba mu da dalilin fifita shi bisa kowace tatsuniya ta neman magani.

To, amma a tambayi wanda ya karanta Ruwan Bagaja tun yana firamare abin da ya ke tunawa. Da wuya ya fara da ruwan. Abin da zai fara ambata shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da yadda shi da Alhaji Imam su ke haɗuwa gari bayan gari, wannan ya cuci wancan yau, gobe wancan ya rama. Shi ma wannan zubi yana da asali. Muƙamar Hariri, wadda malaman zaure suka daɗe suna karantarwa a ƙasar Hausa, muƙama hamsin ce da al-Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya gina a kan mutum biyu: Harisu ɗan Hammamu mai ba da labari, da Abu Zaidin Saruji, mai fasahar baki da dabarar cin abinci, wanda Harisu ya kan tarar a kowane gari cikin sabuwar kama. Imam ɗan malamai ne, ya san littafin, bai kuwa ɓoye cewa ya amfana da shi ba.

Ga inda aikin mawallafi ya ke. A wurin Hariri, Harisu ɗan kallo ne: ya kan gane Abu Zaidi, ya yi mamaki ko ya yi masa faɗa, su rabu. Imam ya hana mai ba da labarinsa zama ɗan kallo, ya mai da shi abokin karawa, har ya zamana kowace haɗuwa tana barin bashin da za a biya a haɗuwa ta gaba. Sa'an nan ya ɗaura wannan jerin ramuwa a jikin tafiyar neman ruwa, ta yadda tafiyar ta ba littafin mafari da makoma, ramuwar kuwa ta ba shi abin dariya a kowane zango. Har wa yau ya ba tafiyar dalili irin na gida: an yi wa Liman dariya a fada sa'ad da ya ambaci ruwan, saurayin kuwa ya fita ne don ya wanke wannan wulakanci. Bahaushe ya san nauyin a kunyata babba a gaban sarki. Ƙwaya biyu ne na aro, ɗaya daga tatsuniya, ɗaya daga Muƙama, amma haɗa su da kuma dalilin da aka ba su na Imam ne.

IV

Misali mafi bayyana shi ne Magana Jari Ce. Cikin 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya yi kamar wata shida yana aikin, East kuwa ya tara masa littattafan labaru na Larabci da na Ingilishi don ya duba. Aka buga littafin kashi uku daga 1937. Masu bincike sun bi sawun labaru da yawa na cikinsa har zuwa Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Grimm, da wasunsu. Ba ni da gardama da wannan bincike, gaskiya ne, kuma ya kamata a koyar da shi. Abin da na ke so mu duba shi ne uwar labarin, watau labarin aku wanda ya ɗauke sauran duka.

Aku mai tsare mutum da labari har gari ya waye daga ƙasar Hindu ya fito. A cikin wani tsohon littafi na harshen Sanskirit mai suna Shukasaptati, watau labarun aku saba'in, wani ɗan fatake ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuwa ta yi niyyar fita wurin wani namiji, sai aku ya riƙa tsare ta da labari kowane dare har mijin ya komo. A ƙarni na 14 Nahshabi ya sake zuba shi da Farisanci da sunan Tuti Nama, cikin dare 52. A wannan zubi na Farisa akwai wata tsuntsuwa da ta fara yi wa matar wa'azi kai tsaye, matar ta fusata ta kashe ta. Da aku ya ga haka sai ya bi ta hanyar labari.

Wannan ita ce ƙwayar da ta zo hannun Imam, kuma a yadda ta ke ba ta da amfani gare shi, domin littafin na 'yan makaranta ne, ba kuwa mai sa wa yara labarin matar aure da ke shirin fita da dare. Mawallafi mai ƙaramin ƙarfi da ya yi ɗayan biyu: ko ya jefar da ƙwayar, ko ya kwafe ta yadda ta ke ya ɗan rufe abin kunyar. Imam ya tambayi kansa abin da ke riƙe da ginin, ya gane abu uku ne: mai gida ba ya nan, na gida yana ɗokin fita zuwa ga halaka, mai tsaronsa kuwa ba shi da makami sai baki. Ya riƙe waɗannan uku, ya sake duk saura. Ɗan fatake ya zama Sarki Abdurrahman wanda ya fita yaƙi. Matar ta zama Musa ɗan sarki, yaro mai ɗokin bin rundunar. Farkan da ke jira a waje ya zama makircin Waziri, wanda ya ke so yaron ya fita don a hallaka shi.

A lura da abin da wannan sauyi ya haifar. A littafin Hindu abin da a ke tsoro shi ne ɓacin aure guda. A na Imam kuwa gadon sarauta ne da zaman lafiyar ƙasa. A can mai sauraro yana da mugun nufi, a nan kuwa nufinsa mai kyau ne, ƙuruciya ce kawai ta hana shi hangen tarko, saboda haka mai karatu yana tare da shi, yana kuma tare da aku. Sa'an nan da ya ke an shigo da labarin cikin fada, sai hanya ta buɗe wadda babu ita a asali: aku ya sami sarautar Waziri, a littafi na biyu ya yi gasar ba da labari da akun wani sarki, a na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana da zama da sarakuna. Darasin da ke ɓoye a cikin mutuwar tsuntsuwar Tuti Nama, watau gaskiya ba ta isa ba sai an san yadda za a faɗe ta, shi Imam ya ɗaga ya mai da jigon littafi uku, ya kuma sa shi a sunan littafin. Ƙwayar ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a duniya kafin 1936, kowa yana iya ɗauka. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne wannan gini.

V

Mai karatu zai iya cewa, ai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Amsa ita ce aro iri biyu ne, ilimin harshe kuwa ya nuna mana bambancinsu sarai. Kalmar nan labari, wadda mu ke ta maimaitawa, daga Larabci ta ke, al-khabar. Da ta shigo, sai lam ɗin ta'arifi ya manne ya zama cikin jikin kalma, harafin da babu shi a Hausa ya faɗi, aka ƙara wasali a ƙarshe don kalmomin Hausa sun fi son ƙarewa da wasali, aka ba ta jinsin namiji da karin sauti, aka kuma yi mata jam'i irin na Hausa, labaru ko labarai. Haka alƙalami daga al-ƙalam, da allo daga al-lauh. Ba wanda zai ce wa mai cewa labari yana Larabci. Amma mutumin da ya tsoma kalmar Ingilishi a tsakiyar zancensa yadda ta ke, ba ta bi ƙa'idar Hausa ko ɗaya ba, wannan shi ne mai kayan aron da ba ya rufe katara.

Ma'aunin nan shi ya kamata mu ɗora wa labari. Sanin inda aka samo shi matakin farko ne na nazari. Mataki na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne a nuna abin da ya faɗi, da abin da aka ƙara, da dalili. In aka auna Magana Jari Ce haka, za a ga labarunsa ba ɗaya su ke ba. Uwar labarin ta zama Hausa kamar yadda labari ya zama Hausa. Wasu kuwa, kamar labarin Ƙamaruzzaman da aka ɗauko daga Alfu Laila, sun fi kusa da asalinsu, aikin da aka yi musu ya fi yawa a wajen harshe. Akwai kuma abin da ba za a kare ba: littafin bai ambaci inda aka ɗebo labarun ba. Haka al'adar masu tara hikayoyi ta ke a da, amma ba abin da za mu koya wa ɗalibi ba ne.

VI

Kada a ɗauka cewa ƙwaya ba ta da wani tasiri. Ganɗoki da Shaihu Umar sun nuna tana da shi, sun kuma nuna iyakarsa.

A ganina, cikin littattafan nan biyar ba wanda ya kai Ganɗoki ƙarfin ƙwaya. Jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa, ya ga faɗuwar Kwantagora a 1901, ya bi masu hijira zuwa gabas a zamanin da aka yi yaƙin Burmi na 1903, sa'an nan ya komo bayan shekaru ya tarar da ƙasa ta sake. Bello Kagara bai aro wannan daga kowa ba, abin da ya faru ne a zamanin ƙuruciyarsa. Kashin farko na littafin, inda a ke kirari da sukuwa da karon mashi da bindiga, yana da zafi wanda babu irinsa a sauran. Amma da jarumin ya bar ƙasar Hausa sai littafin ya koma yaƙi da aljannu da dodanni a ƙasashe masu nisa, tambayar da ƙwayar ta ɗauko kuwa, watau yadda mayaƙi zai zauna a ƙasar da aka ci da yaƙi, aka wuce ta da sauri a ƙarshe. Nasarar da ya kasa samu a kan Turawa an ba shi ita a kan aljannu. Mai yiwuwa ne zamanin bai ba mawallafin damar faɗin abin da ya fi haka ba, tun da hukumar Turawa ce mai buga littafin. Ko mene ne dalili, ƙwayar ta fi aikin da aka yi mata.

Shaihu Umar kuwa ƙwayarsa ba baƙuwa ba ce ga kowa a 1933, domin akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga harin bayi da idonsu. Abin da Ɓalewa ya yi shi ne ya riƙe ta bai sake ta ba. Ya sa Shaihu Umar, yana dattijo a Rauta, ya ba almajiransa labarin da bakinsa cikin natsuwa, ba kuka ba zagi, ya bi yaron daga Kagara zuwa Kano zuwa ƙasar Masar, ya bi uwar har Tarabulus, inda suka sadu tana gab da mutuwa. Bai kira aljani ya cece su ba. Littafin yana da raunin yawan dacewa, amma bai taɓa mance abin da ya fito faɗa ba. Shi ne kaɗai ƙagaggen labarin da Ɓalewa ya bari kafin siyasa ta ɗauke shi, har aka kashe shi yana Firayim Minista a Janairun 1966. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Da ya ce bari sai ya sami sukuni, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa da ba rabon kowa ba ne, gama ba wanda zai rubuta shi a madadinsa.

VII

Abin da ya rage shi ne mu ga inda wannan ya shafi aji. Da farko, ɗalibin da ke ɓoye labarinsa don tsoron sata a nuna masa aku: ƙwaya guda ta ba da Shukasaptati da Tuti Nama da Magana Jari Ce, ba kuwa wanda ya rage wa wani kome. In mutum biyu suka ɗauki ƙwaya ɗaya suka yi mata aiki da gaske, littafi biyu za a samu.

Na biyu, a daina ba da mafi yawan maki don an zo da abin da ba a taɓa ji ba. Ya fi amfani malami ya ba aji duka ƙwaya guda, alal misali mutum ya tsinci kuɗin maƙwabcinsa a ranar da a ke binsa bashi, kowa ya rubuta, sa'an nan a karanta uku ko huɗu a kwatanta. A nan ɗalibai za su gani da idonsu cewa bambanci yana wajen wanda aka sa ya ba da labarin, da inda aka fara, da abin da aka bari ba a faɗa ba.

Na uku, a koyar da aro a fili. A ba su labarin wata al'umma, a ce su zuba shi a garinsu, su rubuta a ƙasa inda suka samo shi, da abin da suka sake, da dalilinsu. Wanda ya sake sunaye kawai a nuna masa bai yi kome ba tukuna.

Na huɗu, a sa wa aiki ranar gamawa. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna amfanin wannan: gasar 1933 ta fito da biyar ɗin nan, gasar Kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Gasa ba ta ba kowa ƙwayar labari ba, ranar rufewa ta ba su. Amma a haɗa wannan da sake dubawa, domin gaggawar bugawa ba tare da gyara ba ita ce cutar da ta raunana da yawa daga littattafan da marubuta suka riƙa bugawa da kansu a Kano tun daga wajen 1984, ko da ya ke su ne suka nuna cewa ba sai an jira hukuma ba.

Saboda haka in ɗalibi ya sake zuwa ya ce yana da labari a ka, shawarata ita ce kada malami ya yaba, kada kuma ya kushe, domin bai ga abin da zai auna ba tukuna. Ya ba shi mako biyu ya kawo shafi biyar na farko, sa'an nan su zauna su duba tare.